Kurakuran da aka fi yi wajen jin ra'ayin ɗaliban yaƙi da jahilci

Tun shekarun 1950 ake buɗe ajujuwan yaƙi da jahilci a Arewa, kuma a 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa wa Kano hukumar ilimin manya. Duk da wannan daɗewa, idan aka zo auna amfanin aji, tambayar ba ta wuce "Kun ji daɗin karatun?" ba. Amsar ma an san ta: "Alhamdulillahi, Malama tana ƙoƙari." Sai jami'i ya rubuta cewa kowa ya gamsu.

Kara ce ta yi magana a nan. Dattijuwar da ake koya wa karatu kyauta ba za ta kushe malamarta a gaban baƙo ba, balle malamar tana tsaye a bakin allo. Gyaran shi ne malamar ta fita, a zauna da ɗalibai ɗaiɗai ko uku-uku, kuma mace ce za ta tambayi mata. Tambayar ma a sauya ta. A ce, "Inna, a makon nan me kika karanta da kanki?" Idan ta ce ta duba ranar komawa a katin asibitin jikanta, ko ta nemo sunan 'yarta a waya ba tare da kiran yaro ba, to an samu abin rubutawa. Wani zai ce maka ya daina dangwala yatsa, yanzu sa hannu yake yi. Wadda ta yi shiru kuwa, shirun nata ma amsa ce, a rubuta shi.

Raba takardar tambayoyi ga wanda bai daɗe da gane baƙaƙe ba wahalar da shi ne kawai. Ƙarshenta mutum ɗaya ne zai cike wa ajin duka. A yi da baki.

Kuskuren da ya fi tsada a ganina shi ne tambayar waɗanda suka rage kaɗai. Su ai ajin ya yi musu, shi ya sa suke nan. A ɗauko rajistar watan farko, a bi waɗanda suka daina zuwa har gida, da izinin mai gida inda hakan ya zama dole. A bakinsu ake jin cewa lokacin ajin ya ci karo da girki ko ranar kasuwa, damina ta janye maza zuwa gona, ko an yi wa wani dariya da ya yi tuntuɓe a karatu sai kunya ta hana shi dawowa. Akwai kuma wanda ya iya ajami sarai, aka sa shi a sahun wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, ya ga an raina shi. Tun ranar rajista ya kamata a tambayi kowa abin da ya zo da shi.

Ranar bikin yaye ba ranar bincike ba ce. Wa zai yi ƙorafi alhali ana shirin miƙa masa takardar shaida? A tambaya a tsakiyar zango, lokacin da gyara zai amfani masu maganar, sannan a sake bayan 'yan watanni da gamawa don a ga ko karatun ya zauna. Kuma a koma ajin a faɗa musu abin da aka gyara: lokacin da aka matsar, ko littafin da aka sauya. Abin da ya gagara ma a faɗa musu dalili, in ba haka ba wani zuwan "lafiya lau" kawai za a ji.