Yadda ake adana haɗaɗɗen maganin ɗigon ido a zafin Marwa da Garwa

Idan gyambo ya fito a gaban ƙwayar ido ya ƙi jin maganin kemis, likitan ido yakan sa a haɗa wani mai ƙarfi a ɗakin magani na asibiti, daga kwalaben allurar kashe ƙwayoyin cuta irin su bankomaisin, seftazidim ko tobramaisin. Tobramaisin na kemis miligiram 3 ne a kowace mililita, haɗaɗɗen kuwa yana kai 14. Sai dai ba ya daɗewa kamar na kamfani, kuma zafi na saurin kashe ƙarfinsa.

Kafin ka bar asibiti, ka sa a rubuta maka ranar da aka haɗa shi da ranar da za a zubar a jikin kwalbar, ba a kwali ba, don kwali yakan ɓace. Seftazidim yawanci kwana 7 ake ba shi a firji, bankomaisin kusan mako biyu. Abin da mai haɗin ya rubuta shi za ka bi.

A hanyar gida ne aka fi yin asara. Wani zai jefa kwalbar a aljihun gaban riga, ya hau babur daga Marwa zuwa Mokolo, a arewacin Kamaru, a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40. Ka je da ƙaramar kula da ƙanƙara, ka naɗe kwalbar da tsumma don kada ta manne da ƙanƙarar.

A gida, wurinsa tsakiyar firji, digiri 2 zuwa 8. Ba ƙofar firji ba, ba firiza ba. In an ɗauke wuta, a daina yawan buɗewa. In abin ya ja, a mayar da shi kula, a sayo ƙanƙara. Gindin randa ya fi kan taga, amma sanyinsa bai kai ba. In babu firji sam, faɗa wa likita tun farko, ba abin kunya ba ne.

Duk lokacin ɗigawa ka ɗaga kwalbar ga haske. Ruwan ya gurɓace, ko ya yi duhun rawaya, ko wani gari-gari ya kwanta a ƙasa? Kada ka sa. Amma ko ruwan garau yake, in kwanansa ya cika a zubar.

Wanke hannu, ja fatar idon ta ƙasa, ɗigo ɗaya, kada bakin kwalba ya taɓa gashin ido. In magani biyu ne, a bar minti 5 tsakani. A kwanakin farko ana iya cewa duk awa, har cikin dare, don haka a raba tashin tsakanin mutanen gida. Maganin yana da yaji, musamman bankomaisin. Tozali kuwa a ajiye shi tukuna.

In zafin idon ya ƙaru ko farin tabon gyambon ya faɗaɗa, a koma asibiti ran nan, da kwalbar a kula.