Ka sauke motarka ƙasa? Ga yadda za ka nemo sitabalaizar baya ka auna linkej

Samarinmu na wajen Ringim da Gumel har su Ɗambatta yanzu kowa so yake motarsa ta kwanta ƙasa, a sa gajeren sifirin a sa manyan rim, a ido kam ba laifi ta yi kyau. Amma da yawa daga nan suke tsayawa, sai an kwana biyu ka ji mutum na cewa bayan motar yana ƙwas ƙwas in ya hau burji, ko ta ƙi zama daidai a kwana. Sau da yawa sitabalaiza ce da linkej ɗinta, don sauke motar da ka yi ya canza musu zama kai ba ka sani ba.

Ita sitabalaizar ƙarfe ne lanƙwasasshe, tsakiyarsa ɗaure a jikin mota da bushin biyu, bakinsa biyu kuma kowanne linkej ya haɗa shi da ƙafar mota. In ka sha kwana gefe ɗaya ya danne ɗaya ya saki sai ƙarfen ya murɗe ya hana motar kwantawa. In tayoyin biyu suka hau tudu tare ba ruwansa, juyawa kawai yake cikin bushin.

Kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Kano ka fara leƙa ƙarƙashin taka tukuna. Golf 3 da Corolla ta 2003 zuwa 2008 ƙafafunsu na baya ƙarfe ɗaya ne ya haɗa su, shi kansa ƙarfen yana murɗewa, wadda aka sa wa sitabalaiza ma a cikinsa take kwance babu wani linkej, kaga in irin su gare ka rabin maganar nan ba taka ba ce. Su Accord da Civic da Camry su ne kowace ƙafa da kanta, nan ne za ka ga ƙarfen da linkej ƙuru-ƙuru, in ma babu ka duba ko kamfani ya bar hujin ɗaurawa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi ta 'yar uwar motarka da suka haɗa ƙashi ɗaya. Misali Accord ta 2003 zuwa 2007, irin su wadda ake ce wa EOD, tata ta baya siririya ce wajen milimita 14, amma ta Acura TL ta 2004 zuwa 2008 tana shiga wurin, akwai mai 17 akwai mai 20. Kar ka raina bambancin nan, don taurin ƙarfen ba a hankali yake hawa ba, daga 14 zuwa 17 ya ninka biyu har da ɗoriya, zuwa 20 kuwa ya kai ninki huɗu. Ni dai a hanyoyinmu mai 17 zan ce ka ɗauka. Bayan mota in ya yi tauri da yawa shi yake fara zamewa a kwana, a kwalta mai kyau direba ya ji daɗi, amma a jar ƙasa mai tsakuwa ko yashi ko taɓon damina sai dai ka ga bayan na neman wuce gaba. Masu Civic kuma da ake zuga su su sa ta Integra Type R mai 22, ku sani tana yage ƙarfen da aka ɗaura ta a kai in ba a ƙara masa faranti ba, wannan sananne ne.

In ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano wajen 'yan Beljiyom kar ka yarda da "wallahi Alhaji ita ce". Tafi da tsohuwarka in da hali ka ɗora ɗaya kan ɗaya a ƙasa, lanƙwasa ta zo ɗaya, hujin baki su haɗu. Kauri kuma da sifana mai buɗaɗɗen baki za ka gwada, ka goge tsatsar ka zura lamba 17 a tsakiyar ƙarfen, in ta shiga cif ba ta rawa to 17 ce. Ka kwantar da ita a siminti ka ga bakin biyu sun zauna daidai, in ɗaya ya ɗaga to daga motar haɗari ta fito, bar musu kayansu. Wadda aka taɓa yi wa walda ko aka gasa aka miƙar ita ma a'a. Sannan ka karɓo ta da bushin ɗinta da maɗaurinsu, don bushin 14 ba zai rungumi 17 ba.

Toh yanzu awon linkej, nan ne aikin yake, kuma nan ne ake yawan ɓata shi saboda ana awo mota na rataye a jak. In ƙafa ta rataye duk abin da ka auna ƙarya ne. Dole nauyin motar ya kasance kan tayoyinta huɗu a wuri mai baje, shi ya sa ramin bakanike ya fi, ko wurin wankin mota mai gada. In sifirin sabo ne ka bari ka ɗan yi yawo da shi ya zauna tukuna. Iskar taya ta zo ɗaya, a fitar da kayan but, mai ya kai kamar rabin tanki, in kana son aiki ya fita sosai wani mai nauyinka ya zauna kujerar direba ko ka ajiye buhun gero a wurin. Ka tura motar gaba da baya kaɗan ƙafafu su saki.

Sai ka cire linkej duka biyu, ba ɗaya ba. Ka juya sitabalaizar da hannu har hannayenta su kwanta daidai da ƙasa, yaro ya riƙe maka, kai kuma ka sa tef daga tsakiyar hujin sitabalaiza zuwa tsakiyar hujin da ke jikin ƙafa ko shokazoba. Tsakiya zuwa tsakiya fa, ba tsawon ƙarfen gaba ɗaya ba, kuma da milimita. Ka auna ɗaya gefen ma ka rubuta. Abin da ake so linkej ya tsaya kusan a miƙe kan hannun ƙarfen, ba a karkace yana shaƙe ƙwallon da ke juyawa a kawunansa ba.

Za ka ji ana cewa duk motar da aka sauke gajeren linkej take so. Ba kullum ba. In linkej ɗin daga sitabalaiza ƙasa ya sauka zuwa hannun ƙafa, eh gajere ne, don ƙafar ta matso sama ta rage tazarar. In kuwa sama ya hau ya kama jikin shokazoba to maɗaurin nesa ya ƙara yi, dogo kake buƙata. In ka canza shokazoba zuwa masu zare da ake ɗaga mota ko a sauke ta da su kuma maɗaurinsu ma wani wuri daban yake zama, tef ne kawai zai raba gardama. Wanda ya sauke motar kaɗan ma wani lokaci na kamfanin ya ishe shi.

Da awonka a takarda sai ka nemi mai zare wanda ake ƙarawa ake ragewa, awonka ya faɗo a tsakiyar iyakarsa ba a ƙarshe ba, kuma zaren da ya shige ciki kar ya gaza kaurin ƙarfen sau ɗaya da rabi, ka ɗaure notin kulle. In ba ka samu ba, linkej na wasu motoci kala-kala ne a kasuwa, ka zaɓi mai tsawonka, ka duba kaurin ƙusar ko 10 ce ko 12, ka duba ina kawunan suke kallo don wani gefe ɗaya suke wani kuma sun ba juna baya. Mai walda zai ce kawo ya yanke ya haɗa, zafin nan yana ƙona roba da giris na ƙwallon, ba a jimawa ƙwas ƙwas ɗin ya dawo.

Wajen ɗaurawa ka gama gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma ƙusar ta shige hujin da yatsa kawai, in sai an danna da ƙarfe ko an buga guduma to ka gyara tsawon, in ba haka ba ƙarfen zai zauna a murɗe yana danne taya ɗaya ko mota na tsaye. Notin bushin ma a ɗaure su mota na ƙasa, kuma dan Allah ban da baƙin mai a bushin roba, cinye shi yake. Ka leƙa da tocila ka tabbata akwai tazarar kamar yatsa tsakanin ƙarfen da salansa, tiyon birki da tanki, mutum biyu su danna but su saki kana kallo ko wani abu na gogawa.

Gwajin farko ka yi shi a hankali a hanyar da ba mutane ba dabbobi, ba ranar kasuwa ba, ka ji yadda bayan yake bi a kwana kafin ka ƙara wuta. Bayan kwana biyu-uku ka koma rami a sake bin notin duka da sifana.