Samari, ku daina farfasa jiragen shawaginku a banza

Wallahi na gaji da ganin yaro ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya yi odar jirgin shawagi na rimot, kaya su sha hanya har su iso Damagaram, ranar farko ya kwashe shi a buhu gutsi-gutsi. Kuma kusan kullum abu guda ne ke jawowa.

Ma'aunin nauyi, wato wurin da nauyin gaba da na bayan jirgi ke daidaita, wanda takardar jirgin ke rubutawa CG. Shi ya ci min jirgin da na fi so. Wutsiya ce ta tsage na liƙe da gam, ban sake aunawa ba don a ganina ɗan gam me zai yi, ina jefa shi ya ɗaga hanci ya tsaya cak a iska, sai ya kifo da ka, fiffiken kabon ya rabe biyu ga shi duk garin nan ba mai gyara shi. Wutsiya ta yi nisa da tsakiyar jirgi, giram kaɗan a can sai ka sa ninkinsa na dalma a hanci kafin su daidaita. Yanzu ɗigo biyu na yi a ƙarƙashin fiffike daidai inda takarda ta ce, galibi wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa daga gaba, kuma ba na tashi sai na ɗora shi kan yatsu biyu na gani. Batir ma ɗaure shi nake tamau, don in ya zame baya a sama aikin gama ya gama. Mai koyo gara hanci ya ɗan fi nauyi, jirgin zai yi saurin sauka amma yana jin magana.

Sai masu danne inji kamar suna tseren babur. Ƙanena, in gasa kake nufi karanta dokar F5J, gasar jiragen shawagi masu injin lantarki, ta FAI, hukumar wasannin sama ta duniya wadda ke Lozan a Suwizalan: daƙiƙa 30 kawai aka ba inji, lokacin aiki minti 10, kuma duk mita ɗaya da ka hau da inji ana cire maka rabin maki har mita 200, abin da ya haura nan maki 3 kowace mita. Wato wanda ya kashe inji ƙasa-ƙasa ya nemo iska mai ɗumi ta ɗaga shi, shi ke cinyewa. To ku me ke hana ku koyo? Allah ya ba mu rana da duwatsu da fako masu ɗaukar zafi, da hantsi ya yi iska ke tashi ko'ina, ga shirwa tana kewaye ba ta ko kaɗa fiffike tana nuna muku wurin kyauta, ku kuwa idonku na kan rimot. Haba! In fiffike ɗaya na jirginka ya ɗaga da kansa, juya ta wannan ɓangaren ka yi ta kewaye. Amma iskar tafiya take, lokacin hunturu kafin ka ankara ta kai maka jirgi nesa cikin hazo, ni da na ga ina ƙanƙance ido nake juyowa, komai daɗin hawan.

Sauka kuma ba wanda ke son gwadawa, alhali maki 50 ne in hanci ya tsaya cikin mita ɗaya da alama. Ni tsohuwar hula nake ajiyewa a ƙasa in yi ta saukowa kanta.

Batir LiPo, wato irin batirin jirgin, kar a bar shi cikin mota a rufe a zafin Afrilu, kumbura yake har ya kama wuta, in za a ajiye shi a bar shi wajen volt 3.8 kowane ɗaki (cell) na batirin. Motsa sandar rimot ka duba wutsiya ta bi daidai kafin ka jefa. Kullum ka fuskanci iska. Mai ƙaramin ƙarfi ya fara da jirgin soso, na F3K da ake wurgawa da hannu sai hannu ya faɗa.

Kuma don Allah ku yi nesa da filin jirgin sama da barikin soja. A halin da ƙasa ke ciki duk abin da ya tashi sama duron, wato jirgi marar matuƙi, ake ɗaukarsa, ku nemi izini wurin hukuma, ku gaida mai gona da mai unguwa ku nuna musu jirgin a hannu kafin ku tashe shi.