Dirar Farko Daga Jirgin Sama Da Laima

Kada ka fara kai kaɗai. Nemi cibiya mai lasisi, a ɗaure ka a ƙirjin malami, ku diro tare.

In kana mura, ɗage ranar. Toshewar hanci kan jawo ciwon kunne mai tsanani a sama.

Kafin ku tashi, ce wa malamin ya nuna maka laimar ko-ta-kwana.

A ƙofar jirgi, wajen mita 4,000 sama, ɗaga kai, turo ƙugu gaba, lanƙwasa ƙafafu baya kamar baka. Da kun diro, iska za ta mare ka, gudun faɗowar na kaiwa kilomita 200 a awa. Yi numfashi. Don Allah kada ka cafke hannun malami, da shi zai buɗe laima.

Wajen sauka, miƙe ƙafafu gaba, ɗaga su sosai. Nan aka fi samun targaɗe da karaya.