Yadda ake gane ƙaramar katantanwar da ta yi gayyar soɗi cikin tankin murjani

Duk wanda ya sa dutsen teku mai rai (wato dutse mai ɗauke da ƙananan halittun teku) a tankinsa na kiwon murjani, ko ya sayo guntun murjani, wata rana zai ga 'yar katantanwar da bai saya ba tana tafiya a jikin gilashi. A ramukan dutsen ta ɓuya ta shigo. Kada ka yi saurin murƙushe ta, domin yawancinsu gansakuka suke ci, aikin shara suke yi maka kyauta. Kaɗan ne masu ɓarna.

Da farko ka lura da inda take kafin ka taɓa ta. Wannan ya fi launinta muhimmanci. Wadda ke yawo a gilashi ko a kan dutse tana kankarar gansakuka da wuya ta zama matsala. Wadda kullum a gindin murjani guda take, murjanin kuma ya ƙi buɗewa, ita ce abar zargi. Da yake yawancinsu da dare suke fitowa, ka jira awa ɗaya ko biyu bayan an kashe fitila, ka duba da tocila mai jan haske.

Sai ka sa safar hannu ka ɗauko ta da hantsaki, ka ajiye a farin kofi da ruwan tankin. Safar da hantsakin ba ado ba ne: katantanwar Conus mai siffar mazurari tana harbi da dafi, wasu nau'o'inta har kisa suke yi.

Yanzu juya ta ka dubi bakin ƙwanson da gilashin ƙara girma. Idan bakin zagayayye ne, mai yiwuwa mai cin gansakuka ce. Idan yana da tsagi ko 'yar kwata, kana kuma ganin wani bututu na leƙowa kamar hannun giwa, to galibi nama take ci. Katantanwar Nassarius tana da bututun, amma ita mushe da ragowar abinci take nema cikin yashi. Danginta masu farauta kuwa su ne ke cinye sauran katantanwa da kawa.

Wurin da aka fi ruɗewa shi ne tsakanin Collonista da Heliacus. Dukansu ƙanana ne, zagayayyu, masu zane. Murfin da suke rufe baki da shi ne ke raba gardama. Na Collonista tauri gare shi kamar ƙwanso, kuma ba ya da tsini. Ita 'yar milimita kaɗan ce, ba ta cutar da komai. Na Heliacus ya yi tsini kamar ƙaramin mazurari, ƙwansonta ya fi faɗi, da zanen ɗaki-ɗaki. Ita Heliacus zoanthid take tsotsa, wato wani dangin murjani mai laushi, cire ta duk inda ka gan ta.

Stomatella ba ta da wuyar ganewa. Ƙwansonta ɗan shafaffe ne kamar farce, bai ma rufe jikinta duka ba, ga ta da saurin da ba a san katantanwa da shi ba. In ka kama ta tana iya yar da bayan jikinta kamar yadda ƙadangare ke yar da wutsiya. Ni dai ina murna in na gan ta.

Farare masu tsini, waɗanda ba su kai ƙwayar shinkafa ba, in sun taru ƙarƙashin kawar Tridacna ko a jikin manyan katantanwa, pyramidellid ne, ruwan jiki suke tsotsa. Goge su da buroshin haƙori a wajen tanki, har da ƙwayayensu masu yauƙi, ka maimaita duk 'yan kwanaki.

Akwai kuma wadda ba ta motsi: vermetid. Bututu ne manne da dutse, yana sakin zaren majina lokacin ba da abinci, zaren kuma yana takura wa murjani. Karya bututun daga gindi, ko ka toshe bakinsa da gam.

In har yanzu ba ka tantance ba, ɗauki hotonta ta sama da ta baki kusa da rula, ka bar ta a wani mazubi daban da ɗan dutse mai gansakuka, ka ga ko za ta ci.