Yadda na sa kwamfuta ta karanta rubutun hannun kakana

Kakana ya bar littattafan lissafin cinikin albasa a Tawa, da rubutun haɗe irin na ƴan lakwal na da. Manhajar da na fara gwadawa shirme ta fitar, don an gina ta kan rubutun inji: tana yanka kalma harafi-harafi, shi kuwa alƙalamin kaka ba ya ɗagawa sai kalma ta ƙare.

Da hotuna na fara gyara. Na shimfiɗa kowane shafi a inuwa, na riƙe salula daidai samansa, ba fitila. Sannan na koma Transkribus, wata manhajar karanta rubutun hannu wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Innsbruck ta ƙasar Ostiriya. Ita layi guda take karantawa, kuma ana koya mata hannun mutum ɗaya. Masu manhajar suna ba da shawarar a kwafe kalmomi 5,000 zuwa 15,000 da hannu tukuna, kuma a ganina nan ne aikin yake. Na kwafe yadda ya rubuta, ban gyara masa harafi ba, na kuma daidaita layukan da manhajar ta ja a karkace ƙarƙashin rubutun.

Yanzu tana karanta yawancin shafi. Lambobi dai ni nake dubawa, don 1 ɗinsa na kama da 7.