Kafin ka biya kuɗin riƙe kujera a makarantar lauya a Amurka

A watan Maris na 2016 takardu uku ne a kan teburin cin abincinmu, kowacce daga makarantar koyon aikin lauya da ta ɗauke ni. Baba ya riga ya zaɓa mini tun kafin ya karanta ko layi ɗaya: wadda sunanta ya fi amo. Ni kuwa hankalina yana kan ta uku, wadda ta ce ba zan biya ko sisi na kuɗin makaranta ba. Yayana akanta ne. Ya jawo takardar ta ukun, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan layi can ƙasa, ya ce, "Ke, kin karanta nan kuwa?" Na gan shi dai, amma ido ya wuce. Layin cewa ya yi tallafin zai ci gaba ne muddin matsakaicin makina bai sauka ƙasa da 3.0 cikin 4.0 ba. Na ce masa, "Haba Yaya, ni da ban taɓa ganin ƙasa da 3.5 ba?" Ya ce duk wanda za ki zauna aji ɗaya da shi haka yake faɗa a gidansu.

Ga wanda bai san tsarin ba, a Amurka sai ka gama digirin farko kake shiga karatun lauya, shekara uku, ka fito da digirin da ake kira JD. Abu biyu ne suka fi buɗe ƙofa da kawo tallafi: makin digirinka na farko da makin jarrabawar shiga makarantar lauya, wato LSAT, wanda yake tsakanin 120 da 180.

Fara da lissafin bashi, ka manta da girman tallafin. Makarantu sun san lambar tallafi ce take ruɗar mutum, shi ya sa ita suke rubutawa da manyan baƙaƙe. Abin da Yaya ya sa na yi a daren shi ne: kuɗin makaranta, a cire tallafi, a ƙara kuɗin haya da abinci da littattafai da inshorar lafiya, a ninka sau uku. Sannan a ƙara abubuwa biyu da kusan kowa yake mantawa. Na ɗaya, kuɗin makaranta yana hawa kusan kowace shekara, tallafin kuwa galibi yana nan inda aka ajiye shi. Na biyu, rancen gwamnati na masu karatun gaba da digiri kuɗin ruwansa yana fara taruwa ne daga ranar da aka saki kuɗin, ba ya jiran ka gama. Kana aji yana tsiro.

Ga yadda nawa ya fito. Makaranta mai babban suna: dala 58,000 a shekara, tallafi 15,000, rayuwa 24,000. Idan aka haɗa da hauhawa da kuɗin ruwa, zan fita da bashin da ya kusa 240,000, wato biyan sama da dala 2,600 duk wata har shekara goma. Ta biyu, jami'ar jiha ce: 42,000, tallafi 30,000 ba sharaɗi, rayuwa 18,000, bashi kusan 110,000. Ta uku mai kyauta, birninta tsada gare shi, kuɗin rayuwa kaɗai zai kai ni kusan 87,000. Idan kuma tallafin ya suɓuce bayan shekarar farko, sai ya doshi 190,000. A lokacina kuɗin ruwan yana wajen kashi 5 zuwa 7 ne. A shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 ya kai 7.94 a kan rance na yau da kullum, 8.94 a kan ƙarin rancen gwamnati da ake kira Grad PLUS. A kashi 8, duk dala 100,000 da ka ranta za ka riƙa biyan kimanin 1,200 a wata na shekara goma. Ka riƙe wannan lambar a ka.

Yanzu batun layin nan na can ƙasa, don a nan aka fi cin mutane. A yawancin makarantun lauya malami ba shi da ikon bai wa kowa maki mai kyau. Makaranta ce take ƙayyade inda tsakiyar aji za ta tsaya, sai a jera ɗalibai a kai, kuma a darussan shekarar farko sau da yawa jarrabawa ɗaya ce tak a ƙarshen zango take yanke hukunci. Da na tambayi makarantar ta uku, sai na ji tsakiyar ajinsu a shekarar farko 2.8 ce. Ka lura da kyau: sharaɗi 3.0, tsakiya 2.8. Ko da kowa a ajin ya kwana a laburare, dole fiye da rabinsu su faɗo ƙasa da sharaɗin. Tsarin ne ya zo da haka, ba lalacin kowa ba.

Ba sai ka yi ta kirdado ba. Ƙungiyar Lauyoyin Amurka, ABA, ta wajabta wa duk makarantar da ta amince da ita ta riƙa wallafa wani rahoto duk watan Disamba, ana ce masa rahoton 509. Yana shafin makarantar, sau da yawa a wani lungu da ba a so ka gani. A cikinsa akwai ɗalibai nawa suka shiga da tallafi mai sharaɗi, da nawa aka rage wa ko aka ƙwace. Akwai kuma yawan waɗanda suka bar makarantar bayan shekarar farko, da matsakaicin tallafin da ake bayarwa, wanda zai nuna maka ko naka na musamman ne ko kuwa kowa haka aka ba shi. A na makarantar nan, waɗanda suka rasa sun haura kashi ɗaya cikin uku. Ina da wata ƙawa da ta shiga irin wannan makaranta a wata jiha, makinta ya tsaya a 2.94, aka aiko mata da saƙon imel mai layi uku a watan Yuni. Ta kira ni tana cikin mota a wurin ajiye motoci, ta kasa tuƙi. Sharaɗi ɗaya ne nake yarda da shi: wanda ya ce kawai kada ka faɗi har a kore ka. Duk wanda ya ɗaure ka da maki ko da matsayi a aji, ka yi lissafinka kamar ka riga ka rasa shi.

Daga nan sai aiki. ABA tana da rahoto na biyu, na inda ɗaliban kowace makaranta suka samu aiki kimanin wata goma bayan kammalawa. Kada ka saurari tallar da take cewa kashi casa'in da kaza suna aiki, don mai sayar da kofi ma aiki yake yi. Ka nemi layi ɗaya: aikin cikakken lokaci, mai ɗorewa, wanda sai mai lasisin lauya yake yi. Ka cire ayyukan da makarantar da kanta take biyan albashinsu, da waɗanda suka buɗe ofishi su kaɗai daga fitowa, sai ka raba da yawan waɗanda suka kammala. Wannan ce lambar gaskiya. Akwai wani rukuni da suke cewa aikin da digirin lauya yake taimakawa amma ba dole ba ne. A cikinsa akwai ayyuka masu kyau, akwai kuma na rufin asiri, don haka ni ba na ƙirga shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a lokacin shi ne yadda albashin sabbin lauyoyi yake. Ba shi da tsakiya. Tudu biyu ne da kwari a tsakaninsu. Tudu ɗaya na manyan kamfanonin lauyoyi ne, waɗanda suke bin farashi guda: dala 160,000 ne lokacin da nake gaban teburin nan, ya koma 180,000 a tsakiyar 2016, a farkon 2024 kuma ya kai 225,000. Ɗaya tudun, inda mafi yawan mutane suke, na ƙananan ofisoshi ne da aikin gwamnati da ƙungiyoyin taimakon marasa ƙarfi, kuma galibinsa bai kai rabin wancan ba. To idan makaranta ta ba ka matsakaicin albashi, ta ba ka lambar da ba kowa yake karɓa ba. Ka duba rahoton ka ga mutum nawa suka shiga kamfanoni masu lauyoyi sama da 500, da nawa suka samu aiki a ƙarƙashin alƙalan kotunan tarayya. Idan sun haura rabin aji, ɗalibin tsakiya ma yana da rabo. Idan kashi goma ne, sai ka shiga sahun goman farko cikin ɗari, kuma manyan kamfanonin da makin shekarar farko suke zaɓe, yanzu ma sun ƙara matso da lokacin ɗauka gaba. Ba ka da damar gyarawa a shekara ta biyu.

Shi ya sa shawarata guda ce: ka ɗauki kanka a matsayin ɗalibin tsakiyar aji a kowace makaranta, ka tambayi wane aiki yake samu, kuma albashinsa zai ɗauki bashin? A makarantu goma sha huɗun da aka saba gani a saman jerin mujallar U.S. News, irin su Columbia da Chicago da Virginia da Michigan, amsar sau da yawa e ce, idan aikin babban kamfani kake so kuma za ka jure awoyinsa na wasu shekaru. Ƙasa da nan, suna ba ya tafiya nesa. Makarantar da take ta 45 da wadda take ta 70 bambancinsu bai kai bashin dala 100,000 ba, kuma jerin kansa yana canzawa duk shekara. A Nuwamban 2022 Yale da Harvard ma suka daina ba mujallar bayanansu. Abin da ya fi lamba tasiri shi ne wuri. Rahoton aikin nan na ABA yana nuna jihohi uku da ɗalibai suka fi samun aiki. Idan babu jihar da kake so ka zauna a ciki, ka yi tunani sau biyu. Wani abin sha'awa: a Wisconsin, wanda ya gama jami'ar jihar ko Marquette yana iya samun lasisi ba tare da ya rubuta jarrabawar lasisin ba. Sauran wurare kuwa ka duba yawan ɗaliban makarantar da suke cin jarrabawar a zaman farko, ka gwada da na jihar baki ɗaya.

Idan aikin gwamnati ko na kare talakawa ne burinka, lissafin ya ɗan sauya. Akwai shirin yafe bashi na PSLF da aka kafa a 2007: ka yi biya 120 kana aikin cikakken lokaci a gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba, sai a yafe ragowar. Amma rancen gwamnatin tarayya kaɗai ya shafa. Kuma dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta rufe Grad PLUS ga sabbin ɗalibai daga 1 ga Yulin 2026, ta tsayar da rancen ɗalibin lauya a dala 50,000 a shekara, 200,000 gaba ɗaya. Duk abin da ya haura sai dai banki, shi kuwa banki ba ya yafiya. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ba shi da katin zama na dindindin, galibi rancen gwamnatin ma ba nasa ba ne, sai ya ninka taka-tsantsan. Ga wanda kuɗin ruwa yake damun zuciyarsa saboda addini, kamar yadda ya dami Baba sosai, wannan ƙarin dalili ne na bin inda bashin ya fi ƙanƙanta.

Abu na gaba mutanenmu suna jin kunyarsa: neman ƙari. Ba roƙo ba ne, ciniki ne, kuma ofisoshin ɗaukar ɗalibai sun saba da shi, wasu har fom gare su. Na rubuta wa jami'ar jihar saƙo gajere. Na ce ita nake so, na liƙa takardun tayin sauran biyun, na faɗi bashin da zan fita da shi, na tambaya ko za a sake duba tallafina. Na kwana biyu ina jujjuya saƙon kafin na tura. Bayan kwana tara suka ƙara dala 6,000 a shekara. Tayin makarantar da take sa'arta ko ta fi ta shi ne yake motsa su. Harvard da Yale da Stanford kuwa buƙatar iyali kawai suke dubawa, ciniki da maki ba ya aiki a can. Idan ranar biyan kuɗin riƙe kujera, wato kafin alƙalamin da yake tabbatar maka da gurbinka, ta matso, yawanci a Afrilu, kana jiran amsar wata makaranta, ka nemi a ɗaga maka. Sau da yawa suna yarda.

Idan kuma duk tayin bai yi ba, ka haƙura da shekarar ka sake rubuta LSAT. Mafi girman makinka makarantu suke kai wa ABA, don haka shi suka fi kallo, kuma ƙarin maki uku ko huɗu kan juya rabin tallafi ya koma cikakke. Shekara ɗaya tana da zafi a lokacin, amma ba ta kai shekara goma na biya ba.

Ni jami'ar jihar na tafi. Na gama a 2019 da bashin da bai kai dala 90,000 ba, kuma makina na shekarar farko 3.1 ne, wato tsakiyar ajinmu daidai. Ina aiki a ofishin lauyoyin gwamnatin jiha. Baba ya yi wata guda yana ce wa baƙi makarantar mai suna ma ta ɗauke ni, ni ce na ƙi, kuma har yau takardar tana cikin jakar da yake ajiye fasfo.